Dodon Koɗi na Teku da na Tafki

Kowa ya san katantanwa, wadda yara ke murzawa tana juyi a ƙasa. Ita ce ɗakin dodon koɗi.

Akwai wani dodon koɗi a cikin teku, a wurare masu zafi kamar Bahar Maliya, inda Jidda take. Ɓawonsa kamar mazurari yake, da zane mai ban sha'awa. Irinsa sun fi 800, waɗansu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Maharbi ne. Yana da haƙori kamar ɗan mashi, cike da dafi. Da shi yake harbin tsutsa ko kifi, ya haɗiye. Harbin ƙanana kamar na zuma ne, amma manyan sun kashe mutane. In ka je bakin teku ka gan shi, kada ka ɗauka.

To, mu nan babu teku. Namu yana cikin tafki da kududdufi, irin na Tsafe, da gefen Gulbin Sakkwato, wanda ya bi ta Gusau da Bungudu. Ɗan ƙarami ne, ba shi da dafi. Amma ya fi na teku yi mana ɓarna, domin shi ke rainon tsargiya, wato fitsarin jini.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa. A cikin fitsarin akwai ƙwai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi, su hayayyafa. Bayan 'yan makonni su fito, ido ba ya ganinsu. Yaro ya shiga iyo, ko mace ta shiga wanki, sai su huda fata su shige. Wani likita Bajamushe, Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851.

Waɗansu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne. Yana shan jinin yaro, in ya daɗe ya lalata mafitsara.

Akwai maganinsa a asibiti, ƙwaya ce, sunanta firazikwantel. Amma wanda ya sha ya koma ruwan nan, zai sake kamuwa. Ku gina salga, ku hana yara fitsari a tafki. Ruwan wanka kuwa, a ɗebo daga rijiya. In na tafki ne, a tafasa, ko a ajiye shi kwana 2 kafin a taɓa.