Darasi na 17: In An Rufe Makaranta, a Buɗe Ta a Gida

Wannan darasi naku ne, 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, maza da mata. Ku karanta shi a aji tare da malaminku, sa'an nan ku tafi da shi gida ku sake karantawa. Zancen 'ya'yanku ne.

Abin da ya faru a 2020

A ƙarshen shekarar 2019 wata cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ana ce da ita korona. Tana kama maƙogwaro da huhu, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da numfashi. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko da ita a Nijeriya, a Ikko. Da ganin haka sai gwamnonin arewa maso yamma suka taru a Kaduna, suka yanke shawara a rufe makarantu har kwana 30, daga ran Litinin 23 ga Maris. Gwamnan Jihar Sakkwato a lokacin shi ne Aminu Waziri Tambuwal.

Kwana 30 suka cika, cuta ba ta tafi ba. Cikin watan Afrilu aka same ta a Sakkwato. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Salla Ƙarama, ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, aka yi Salla Babba, makarantu suna rufe. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare su ne suka fara komawa, cikin Agusta, domin jarrabawar WAEC wadda aka soma ran 17 ga watan. Gwamnatin Tarayya ba ta buɗe makarantunta ga sauran yara ba sai ran 12 ga Oktoba, jihohi kuma kowace ta sa ranarta. Watau yaran firamare sun zauna gida fiye da wata shida.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ƙidaya 'yan makaranta fiye da miliyan 1,500 da suka zauna gida a wannan lokaci. A Ingila da Amurka, da wasu gidaje na Ikko da Abuja, yara sun ci gaba da karatu ta kwamfuta da intanet. A jihohi da yawa na Arewa an sa darussa a rediyo. Amma a Jabo da Sanyinna da Dogon Daji, a Kuchi da Margai da Girkau, babban abin da yaro yake da shi shi ne mutanen gidansu. In akwai mai karatu a gidan, kuma ya zauna da shi, yaro ya tsira da abin da ya koya. In babu, karatu ya zube.

Don me yaro yake mantuwa?

Ku da kanku kun san amsa. Wanda ya yi fashin aji wata ɗaya saboda aikin gona, in ya dawo sai ya tarar baƙaƙe sun yi masa nisa, hannu ya yi nauyi. Sabon karatu kamar dashe yake. In aka daina ba shi ruwa kafin ya kama ƙasa, bushewa zai yi. Yaron aji ɗaya da na aji biyu da na aji uku su ne dashen. Wanda ya riga ya iya karanta littafi shi kaɗai ba ya mantawa da sauri, gama ko'ina ya ga rubutu zai karanta. Amma wanda yake tsakiyar haɗa baƙi da wasali, wata shida ya isa ya mai da shi farko.

Kada ku ce abin ya wuce. A 1918 annobar mura ta zagaye duniya, ta iso ƙasar nan. A 2014 cutar Ebola ta sa an rufe makarantun Saliyo wata da watanni, har aka riƙa koyar da yara ta rediyo. Mu kuma nan mun san sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa, mun san ambaliya, mun san rashin zaman lafiya. Kowane ɗaya yana iya rufe makaranta. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Gado ne, ba baƙon abu ba

Koyarwa a cikin gida tsohon abu ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa. Jaji takan zo daga ƙauye ta ɗauki karatu, ta koma ta koya wa matan garinsu a cikin gidaje. Ba su da gini, ba su da benci, amma ilmi ya kai ƙauyuka masu nisa. Har yau kuma uba yakan biya wa ɗansa allo da asuba a zaure. Abin da muke roƙonku shi ne ku yi wa karatun boko yadda kuke yi wa allo.

Yadda za ku yi

Na ɗaya, ku tsai da lokaci. Rabin sa'a kullum ya isa. Da rani ku zauna da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Da damina ku zauna bayan la'asar, in an dawo daga gona an huta. Kada ku rena rabin sa'a. Daga 23 ga Maris zuwa 12 ga Oktoba kwana 203 ne. Wanda ya ba ɗansa rabin sa'a kullum a cikin kwanakin nan ya ba shi fiye da sa'a 100. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, ku tsai da wuri. Inuwar bedi, ko zaure, ko gindin rumbu. A shimfiɗa tabarma, a kore awaki, a bar aike har a tashi.

Na uku, kada ku jira kayan aiki. In babu littafin rubutu, a share ƙasa a rubuta da tsinke. In babu alli, ga gawayi, ga bayan tsohon faranti. In babu littafin yara, ga wannan da ke hannunku. Akwai rubutu a jikin buhun taki, da kwalin ashana, da gwangwanin madara, da katin asibiti, da takardar kuɗi. Duk abin karantawa ne.

Karatu da rubutu

Ku fara da wasula biyar: a, e, i, o, u. In sun zauna, ku ɗauki baƙi ɗaya ku haɗa shi da su: ba, be, bi, bo, bu. Gobe ku ɗauki wani: ka, ke, ki, ko, ku. Jibi ku haɗa biyun, yaro ya ga kalma ta fito: baki, buka, kabo, baka. Ranar da yaro ya gane cewa ba da ki su ne baki, ya sami mabuɗi. Kada ku wuce baƙi ɗaya ko biyu a rana, kuma kullum ku fara da bitar na jiya.

Ku lura da baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ku nuna masa bambancin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da kara da ƙara. Ku faɗa da baki ya ji, sa'an nan ya rubuta.

In ya iya kalmomi, ku shiga jimla gajera daga abin da yake gani: Baba ya tafi gona. Inna tana daka. Akuya ta sha ruwa. Ya koyi rubuta sunansa da na ubansa da na garinsu. Wanda ya yi nisa, ku sa shi ya rubuta wa kakarsa wasiƙa, ko ya rubuta tatsuniyar da aka yi jiya da dare, ya karanta wa mutanen gida.

Lissafi

Ku tara tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya ya riƙa ƙirgawa. Sa'an nan ku kakkarya kara, ku ɗaure goma goma. Ɗauri uku da kara huɗu su ne 34. Da haka zai gane don me ake rubuta 3 a hagu, 4 a dama. Wanda ya gane wannan, tarawa da ɗebewa ba za su ba shi wuya ba.

Ku ba shi lissafi daga aikin gida. Mun yi kunya 12, kowace tana da rami 20, rami nawa ke nan? Mun sami dami 45 na gero, muka ba da 5, saura nawa? In mudu ɗaya naira 500 ne, nawa ne mudu 6? In kun dawo daga kasuwa, ku ba shi canji ya ƙirga.

In ana darasi a rediyo, ku san ranar da sa'ar, ku tanadi batir. Ku zauna tare da yaron, gama rediyo ba ya ganin mai gyangyaɗi. In an gama ku tambaye shi abin da ya ji.

Wanda bai yi nisa da karatu ba

Wani zai ce, "Ni da bana na shiga aji, me zan koya wa wani?" Malam, abin da ka koya jiya shi za ka koyar yau, kai ma sai ya ƙara zama maka. In ɗanka ya fi ka karatu, ka sa shi ya karanta maka, kai kuma ka yi masa tambaya. Ka sa wa ya koya wa ƙane, ya ta koya wa ƙanwa, kai kana zaune kana lura. Ke kuma uwargida, tatsuniya da kacici-kacici da karin magana duk makaranta ne, suna buɗe kan yaro suna ƙara masa kalmomi.

Abin da za ku kiyaye

Kada ku yi duka. Yaron da ke kallon bulala ba ya kallon baƙi. In ya yi kuskure ku maimaita masa, in ya yi daidai ku yaba masa.

In annoba ce ta rufe makaranta, kada ku tara yaran unguwa a ɗaki ɗaya, gama taron ne aka guda. Kowane gida ya koyar da nasa, a fili inda iska ke kaɗawa. A wanke hannu da sabulu kafin a zauna da bayan an tashi. Mai zazzaɓi ko tari a kai shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Ku zaunar da 'ya mace tare da ɗa namiji. In makaranta ta daɗe a rufe, ita ce aka fi ɗora wa talla da reno da ɗaukar ruwa, har a ce ta girma, a fasa mai da ita. Ku tuna Nana Asma'u ma 'ya mace ce. Yarinyar da ta iya karatu ita za ta karanta ƙa'idar magani ga 'ya'yanta, ita za ta zama malamar gidanta in wata annoba ta zo.

Ranar da aka buɗe makaranta, ku kai yaro da kanku. Ku gaya wa malaminsa inda kuka tsaya. Koyarwar gida riƙon ƙwarya ce, malamin makaranta shi zai ɗora.

To, jama'a, ga amfanin zuwanku aji. Kun shiga don ku karanta wasiƙa da rasit, kada a cuce ku a kasuwa. Yanzu kun ga karatun naku rumbu ne da 'ya'yanku za su ci daga ciki ranar da aka rufe makaranta. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.

Tambayoyi

1. A wace rana aka rufe makarantu a 2020, kuma don me?
2. Waɗanne yara ne suka fi saurin manta karatu?
3. Mene ne aikin jaji a cikin 'Yan Taru?
4. Ku faɗi abu uku da za a iya rubutu da su in babu fensir.
5. Rabin sa'a kullum har kwana 60, sa'a nawa ke nan?

Aikin gida

Yau da la'asar ku zauna da yaro ɗaya na gidanku, ku koya masa wasula biyar a ƙasa. Ran aji mai zuwa kowa ya faɗa wa malam yadda suka yi.