Darasin Lafiya: In Ciwo Ya Kama Gaɓar Kwatangwalo ta Ƙarfe

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karon ya shafi waɗanda aka sa musu gaɓar kwatangwalo ta ƙarfe, da iyalan da ke jinyarsu. Kada mu ɗauka tsofaffi kaɗai ake yi wa wannan tiyata. Ciwon sikila yakan hana jini isa kan ƙashin cinya har ya mutu, ga kuma haɗarin mota da babur, shi ya sa ake yi wa matasa ma a wurare kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Tun da likita John Charnley ya kyautata wannan aiki a Ingila a 1962, yawancin mutane suna tashi lafiya. Amma mutum 1 ko 2 cikin 100 ƙwayoyin cuta sukan kama gaɓar, wani bayan 'yan makonni, wani bayan shekaru, in suka bi jini daga maruru ko ciwon mafitsara. Alamun su ne zafin da ya dawo bayan an samu sauƙi, kumburi, zazzaɓi, ko ɗinki ya riƙa zubar da ruwa ko mugunya.

Me ya sa magani kaɗai ba ya isa? Ku tuna santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Ko an canza ruwa sau goma, sai an goge. Haka ƙwayoyin suke manne wa ƙarfen, su lulluɓe kansu da yauƙi, ƙarfe kuwa ba jini a cikinsa da zai kai musu magani. Kafso na kemis zai kwantar da zazzaɓin kwana biyu, ciwon kuma yana can yana cin ƙashi. Abin da ya fi damunmu, yakan ɓoye ƙwayar a lokacin gwaji, har likita ya ce a dakatar da magani mako 2 kafin a ɗibi ruwan gaɓar. Sakiya da ƙaho kuwa ƙofa ce ake buɗe wa sabuwar cuta.

Wanda ya koma asibiti cikin mako 3 zuwa 4 da fara ciwon, ana iya buɗewa a wanke, a canza robar da kan gaɓar, a bar sauran ƙarfen. Magani zai biyo baya na kusan mako 12. Wani bincike da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2021, ya nuna ciwon ya fi dawowa ga waɗanda suka tsaya a mako 6.

In an makara, sai an cire ƙarfen duka. Wani lokaci a sa sabo a ranar. Sau da yawa kuma tiyata biyu ce: a cire, a toshe gurbin da simintin ƙashi mai haɗe da magani, a yi kusan mako 6 ana magani, sai gwaji ya nuna ciwon ya mutu sannan a sa sabuwar gaɓa. Kuɗi ninki ne, majinyaci na kan sanduna, gona kuma na jira. In ƙashin ya lalace sosai, akan bar wurin ba gaɓa, ƙafar ta gajarta, mutum ya riƙa tafiya da sanda da takalmi mai tudu.