DARASI: GASAR ZANEN KIFI DOMIN YARANMU

Mu mutanen Sabon Garin Wudil mun san darajar kogi. Daga cikinsa muke samun karfasa, da tarwaɗa, da ƙurungu. Amma tsofaffin masunta suna gaya mana kifin da ake kamawa yanzu bai kai na dā girma ba. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, ruwa ba ya malala fadamu kamar dā, alhali a nan ne kifi yake zuba ƙwai da damina. Wannan ya fi ƙarfinmu. Amma akwai ɓarnar da muke yi da hannunmu: taru mai ƙananan idanu, da kamun kifi da gidan sauro, da zuba guba irin su Gamalin a ruwa. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3, sai wasu ire-iren raga kaɗan da ta keɓe.

Me ya kawo zane cikin wannan magana? Dalili biyu ne. Na fari, yaro ba zai iya zana kifi ba sai ya dube shi da kyau. In ya buɗe bakin macen karfasa ya ga ƙwai cike a ciki, domin a baki take renon 'ya'yanta, zai gane cewa wanda ya kama ta ba kifi ɗaya ya kashe ba. Gani ya kori ji. Na biyu, kunya ba ta barin ɗa ya ce wa ubansa, "Baba, tarunka yana ɓarna." Amma hoton da ya zana zai faɗi wannan ba tare da rashin ladabi ba. A Amurka ma, ƙungiyar Wildlife Forever ta fara irin wannan gasa ga 'yan makaranta a 1999.

YADDA ZA MU SHIRYA

1. Mu fara neman yardar iyaye, da hedimasta, da Sarkin Ruwa.
2. Mu kai yara bakin kogi da safe lokacin da masunta suke fitowa. A nuna musu birgi, da kalli, da mamari. Kowane yaro ya riƙe tsinke mai tsawon inci 3, ya ja idon raga ya auna.
3. Mu ba su batu uku su zaɓa: rayuwar kifi daga ƙwai zuwa girma, raga mai kyau da marar kyau, kogi bayan an zuba guba.
4. Kada rashin kuɗi ya hana mu. Gawayi, da jar ƙasa, da shuni, da bayan kwali sun isa.
5. A ƙarƙashin hoton, yaro ya rubuta jimla ɗaya da Hausa.
6. Alƙalai su zama malami, da masunci, da mace mai suyar kifi. A duba gaskiyar hoton kafin kyansa.
7. A kafa hotunan ran Juma'a, ranar kasuwa. Kyauta kuwa littafin rubutu da fensir.

Mu yi hankali kada gasar ta zama ta zagin masunta. Yawancinsu talauci ne ya tura su. Mu tuna musu da Argungu, inda ake hana su a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Kifin da aka bari bana, shi ne na baɗi.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne kifaye ne kakanninmu suka sani, mu kuwa ba mu ganinsu?
2. In masunci ya bar ƙaramar raga, me zai ci kafin kifi ya girma? Ƙaƙa za mu taimake shi?
3. Wa zai je wurin hedimasta a wannan mako?