Kifin shak na Bahar Maliya

Yaran Damazin sun san kifin kogin Nilu. Amma shak, sai an je Bahar Maliya.

A 1963, wani Bafaranshe, Jak Kusto, ya kafa gida ƙarƙashin teku a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan. Daga baya masu nutso sun riƙa goya tulun iska suna sauka can.

Shak mai launin toka yakan kewaye su, ya wuce abinsa. In aka matsa masa, yakan tanƙwara baya, ya ɗaga hanci, ya sauke fikafikansa. Gargaɗi ke nan! Mai nutso sai ya ja da baya sannu-sannu, idonsa a kan kifin.

Tambaya: Yaya shak yake gargaɗi?