Haraji da Rigakafin Ƙyanda

Tun daga dokar 1988 ta sayar da kamfanonin gwamnati ake muhawara kan abin da ya kamata a bar wa 'yan kasuwa. Masu tsananin ra'ayin 'yancin kasuwa, irin su Robert Nozick na Amurka, suna ganin haraji tamkar aikin tilas ne. To, ɗalibai, ku auna wannan da ƙyanda. Inda babu rigakafi, mai cutar guda yakan harbi mutum 12 zuwa 18, kuma ba ta daina yaɗuwa sai an yi wa kimanin kashi 95 cikin ɗari allura. Jaririn Samaru da bai kai wata tara ba, garkuwarsa ita ce allurar yaran da zai haɗu da su a motar Sabon Gari. Wace mita ce za ta auna wannan kariya, balle a cajin iyayensa?