Jakar Wasiƙu: Waƙoƙin Ibro da Mutanen Gummi

To jama'a, agogo na ta hararata, wasiƙu kuma ga su nan tuli a gabana.

Ta farko daga Gummi take, wani mai shayi ne kusa da tasha. Ya ce gardama ta kaure a teburinsa har ruwan zafi ya huce: waƙoƙin nan na finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, shi ke rera su da bakinsa ko kuwa? Malam mai shayi, Allah ya ba da kasuwa. Da yawansu rubuta masa aka yi, kuma muryar da kake ji ta Sadi Sidi Sharifai ce, wanda ya ƙware wajen kwaikwayon maganar Ibro. A situdiyo ake ɗaukar waƙar, Ibro kuma ya zo gaban kyamara yana motsa baki, yana zare ido, ga hular nan ja ta karkace. Amma kada a raina aikinsa. Ba wani waƙar ya hau, ka ga ko za ka yi dariya. Kiɗan ma sau da yawa aro ne. Ko sunan fim ɗin Ibro Awilo ai daga Awilo Longomba na Kwango ya samo asali. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar waƙar sarauta su mai da ta waƙar tuwo da miya, fada ta yi ta dariya.

Wata baiwar Allah daga Bukkuyum tana tambaya, da gaske waƙa ta kai Ibro gidan yari? Ƙwarai, Hajiya. A 2008 ne, a Kano, kan fim ɗin Ibro Aloko mai waƙar Mamar, aka yanke masa wata biyu. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga fim! Ikon Allah.

Ɗalibi daga Anka: waƙoƙin nan halal ne ko haram? Ɗana, Anka ba ta rasa malamai ba, je ka gare su.

Sai kuma, kash, tambayar kowane mako: yaushe Ibro ya rasu? Ran 10 ga Disamba, 2014. Don Allah ku rubuta a bango, bakina ya gaji. Allah ya jiƙansa da rahama.

Mai shayi, wanda ya faɗi gardamar nan shi zai biya kuɗin burodi.