DABBA AMANAR ALLAH CE: Koyarwar Ikilisiya a Kan Kiwo da Cin Nama

Karatu: Farawa 9:1-17; Karin Magana 12:10; Romawa 14:1-23



Kaka ta yi, Kirsimeti kuma yana ƙaratowa. A ƙasar Buji, daga Gantsa har ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya ka shiga gidan da ba ka ga akuya a turke ko kaji suna kiwo a tsakar gida ba, magidanta kuwa sun soma lissafin abin da za a yanka. Saboda haka ya kamata mu zauna mu tambayi kanmu tambayoyi biyu. Ta fari: halal ne Kirista ya kashe mai rai domin ya ci? Ta biyu: idan halal ne, to, yana da iko ya yi wa dabba duk abin da ya ga dama kafin wuƙa ta kai wuyanta? Amsar Ikilisiya ga ta farin ita ce i, ga ta biyun kuwa a'a.

1. IZININ DA ALLAH YA BAYAR

Littafin Farawa ya nuna mana cewa abincin da aka fara ba ɗan adam shi ne tsaba da 'ya'yan itatuwa (1:29). Sai bayan ruwan tufana ne Allah ya yardar wa Nuhu da zuriyarsa su ci nama, ya kuwa gindaya sharaɗi cewa kada a ci shi da jininsa, gama jini alamar rai ne, rai kuwa na Allah ne (9:3-4). A cikin wannan sura ɗin, sa'ad da Allah ya kafa alkawarin bakan gizo, ya sa tsuntsaye da dabbobin gida da na jeji a cikinsa tare da mutane. Ku lura da wannan da kyau: a wuri guda aka ba da izinin yanka, aka kuma shaida cewa dabba tana da matsayi a gaban Mahaliccinta.

A Sabon Alkawari, Ubangijinmu ya ci Idin Ƙetarewa kamar kowane Bayahude, ya kuma ci gasasshen kifi a gaban almajiransa bayan tashinsa daga matattu (Luka 24:42-43). A misalin ɗa ɓatacce, da ɗan maraƙi mai ƙiba aka yi murnar komowar mai zunubi. Markus 7:19 da Ayyukan Manzanni sura 10 sun kawar da bambancin abinci mai tsarki da marar tsarki. Don haka wanda ya ci nama da godiya bai yi zunubi ba, wanda kuma ya bar cinsa saboda Allah ko saboda tausayi ya yi abu mai kyau. Manzo Bulus ya gargaɗi ɓangarorin biyu kada ɗaya ya raina ɗaya.

2. ME YA SA AKA SA ZANCEN DABBA A ƘARƘASHIN DOKAR SATA?

Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya yi maganar dabbobi a lamba 2415 zuwa 2418. Abin mamaki shi ne, an sa wannan koyarwa a ƙarƙashin doka ta bakwai, wato dokar da ta hana sata. Mene ne haɗin sata da akuyar da na saya da kuɗina?

Al'adarmu ta ba da kiwo za ta taimake mu mu gane. Mace takan ɗauki akuyarta ta kai wa wata ta kiwata mata, in ta haihu su raba 'ya'yan yadda suka shirya. Mai kiwon tana amfana, tana samun rabonta, tana kwashe taki ta kai gona. Amma ta san akuyar tana da mai ita. In ta bar ta da yunwa har ta rame, ko ta karya mata ƙafa cikin fushi, ranar da mai akuya ta zo sai kunya ta rufe ta, gama ta ci amana. Haka muke a gaban Allah. Kuɗin da ka biya a kasuwa ya raba ka da mai sayarwa ne kawai, bai raba dabbar da Wanda ya hura mata rai ba.

Bisa ga wannan ne Katekisim ya koyar da abubuwa uku. Halal ne a yi amfani da dabba don abinci da sutura da aiki. Wahalar da ita ko kashe ta ba da dalili ba ya saɓa wa mutuncin ɗan adam. Bai kuma dace a kashe wa dabba dukiyar da ya kamata a fara rage wahalar mutane da ita ba. Waliyyi Toma Akwinas ya riga ya koyar cewa wanda ya saba da muguntar dabba, hannunsa ba zai yi nauyi a kan mutum ba. Marigayi Paparoma Faransis ya maimaita wannan a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, inda ya tuna mana cewa zuciyar da ke hulɗa da dabba ita ce dai ke hulɗa da maƙwabci. Yaron da aka ƙyale yana jifan kare yana dariya, ana koya masa wani darasi ne da matarsa da 'ya'yansa za su ɗanɗana wata rana.

3. DABBAR DA KE YI MANA AIKI

Shari'ar Musa ta ba sa da jaki hutun Asabar tare da ubangijinsu (Fitowa 23:12). Ta hana a sa wa sa takunkumi yana cikin sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4). Ta umarci mutum ya taimaki jakin da kaya ya danne, ko da jakin maƙiyinsa ne (Fitowa 23:5). Littafin Karin Magana kuma ya sa kula da ran dabba cikin alamun mutum adali.

Mu auna kanmu da wannan ma'auni. Shanun huɗa da suka sha rani ba isasshen abinci, su ne ake fitarwa da ruwan fari a ɗaura musu garma tun asuba har rana ta take, karkiya tana cin wuyansu, bulala tana cin bayansu. Jaki yana da gyambo a gadon baya, a jefa masa tsumma a ɗora mangala. Amalanken da ya kamata a yi sawu biyu da shi, a cika shi a sawu ɗaya. Mun san talauci ne yake tura mutane da yawa ga haka, Ikilisiya kuwa ba ta raina wahalar manomi. Amma ruwan sha, da inuwa da tsakar rana, da wanke rauni da ruwan gishiri, da tanadin harawa tun kaka, ba su fi ƙarfin kowa ba. Jiki magayi ne, na mutum da na dabba duka.

Jaki ma yanzu wata masifa ce ta same shi. Ana saye shi ana yankawa saboda fatarsa, wadda ake dafawa a yi wani maganin gargajiya da ita a ƙasar Sin. Jaka kuwa takan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, don haka haihuwa ba ta iya cim ma yanka. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna don fata a nahiyar. Wanda abin ya fi shafa shi ne talakan da jaki ne motarsa, da matar da in babu jaki kanta ne zai ɗauki ruwa da itace.

4. DAGA TURKE ZUWA TUKUNYA

Jiharmu ta Jigawa ƙasar kiwo ce. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari, a bakin iyakar Nijar, tana cika da shanu da raƙuma da tumaki, daga can kuma manyan motoci suna kwasa zuwa Legas da sauran biranen kudu, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000. Duk wanda ya bi hanya ya ga yadda akan cusa su, a ɗaure ƙaho da igiya, su kwana su wuni ba ruwa, wadda ta faɗi sauran su tattake ta. Sau da yawa akwai matasa zaune a samansu, ransu ma ba a bakin komai yake ba ga mai neman riba. A kasuwanninmu na kusa, irin su Shuwarin, muna ganin kaji a rataye kai ƙasa a bayan babur, da awaki a ɗaure ƙafa huɗu an yar cikin rana.

Masana kiwon dabbobi sun tabbatar cewa dabbar da ta galabaita kafin yanka, namanta yakan yi duhu, ya bushe, ya kuma yi saurin lalacewa. Ashe ko a lissafin kasuwa mugunta asara ce. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2012 doka ta hana tsare kajin ƙwai a tsofaffin kejin nan masu matsi. Masu gidajen kaji a Dutse da Birnin Kudu ba sai sun jira doka ba: iska, da fili, da ruwa mai tsabta a lokacin bazara hakkin kaza ne.

Wajen yanka, maƙwabtanmu Musulmi suna da koyarwa mai kyau wadda muka yarda da ita: a wasa wuƙa sosai, a yi sauri, kada a wasa ta a gaban dabbar. Mu ƙara da cewa a ba ta ruwa tukuna, kada a ja ta a ƙasa, kada a yanka wata tana kallo, kada kuma a fara fiɗa sai rai ya fita sarai. Dabba mai ciki kuwa a duba kafin a kai ta mayanka, gama yanka ta asarar rai biyu ce.

Akwai wani zunubi da ya haɗa cutar dabba da cutar mutum. Saniya ta kwanta ciwo, an yi ta ɗura mata allura, da aka ga ba za ta tashi ba sai a yi maza a yanka a kai wa mahauci da araha. Maganin da bai gama fita daga jikinta ba yana shiga jikin mai ci, wannan kuwa yana cikin abubuwan da ke sa magunguna su daina aiki a jikin mutane. Tarin fuka na shanu yana kama mutum. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, cuta ce kuwa da mutum ke ɗauka ta wurin fiɗa ko cin naman dabbar da ta kamu. Kirista da ya sayar da naman da shi kansa ba zai ba 'ya'yansa ba ya karya doka ta biyar da ta bakwai gaba ɗaya. A kira malamin dabbobi, a bi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, mushe kuwa a binne shi da zurfi.

Haka nan, sa'ad da shanu suka yi ɓarna a gona, sare su ko sa musu guba ba adalci ba ne. Saniya ba ta san iyakar gona ba. A kai ƙara wurin mai unguwa ko dagaci, a nemi diyya, gama ramuwa a kan dabba ita ce sau da yawa take zama mafarin zubar da jinin mutane.

5. CI DA GODIYA, CI DA KAMEWA, CI TARE DA WANI

Ikilisiya ta umarci duk wanda ya cika shekara 14 ya ƙaurace wa nama ranar Larabar Toka da ranar Jumma'a Mai Kyau, ta kuma keɓe Jumma'o'in shekara, musamman na lokacin Azumi, don tuba da kamewa. Waliyyi Benedik ya hana sufayensa naman dabba mai ƙafa huɗu, sai marasa lafiya da suka raunana. Manufar ita ce mutum ya mallaki cikinsa, abin da ya rage kuma ya kai ga mayunwaci.

Mun sani sarai cewa a cikinmu akwai gidajen da sai a yi wata ba a ga tsoka a miya ba. Ga waɗannan ba maganar rage nama muke yi ba. Maganar tana kan mai hali, wanda kowane dare yana wurin mai tsire da balangu shi kaɗai, alhali matarsa mai ciki da 'ya'yansa suna fama da ƙarancin jini. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Idan an zubar da jinin dabba a gidanka, bari ran nan ya ciyar da mutane da yawa: gwauruwa, maraya, katekis, baƙo.

Akwai kyakkyawar al'ada a ƙauyukanmu, inda Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa dabbar Kirsimeti domin kowa ya iya ci, kamar yadda su ma suke aiko mana da naman layya. Kada mu bar ta ta mutu. Abin da maƙwabci yake ƙyama kuwa, kada mu yi taƙama da shi a gabansa. Wannan shi ne ainihin koyarwar Romawa sura 14: 'yancinka na ci kada ya zama abin tuntuɓe ga wani.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

(a) A gidanka, wa yake ba dabbobi ruwa da abinci, wa kuma yake cin riba sa'ad da aka sayar?
(b) In akuyarka ta kamu da ciwon da ba ka sani ba, ga kuɗin makaranta yana jiranka, me za ka yi?
(c) Wace hanya Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su bi domin kowane gida a cocinku ya ɗanɗana nama ranar Kirsimeti?

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, Mahaliccin dukan masu rai, kai ne ka danƙa dabbobi a hannunmu. Ka gafarta mana inda muka ci amanarka. Ka ba mu zuciyar tausayi irin ta bawanka Waliyyi Faransis na Asisi, domin mu yi kiwo da jinƙai, mu yi ciniki da gaskiya, mu ci da godiya, mu kuma tuna da wanda ba shi da shi. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.